Sirrin Inci 30 a Tudun Wada

A bayan wani shagon walda da ke cikin Tudun Wada, ba nisa da Agoro, akwai wani ƙarfe da ya girmi mai shagon nesa ba kusa ba. Ƙafafun tarago ne guda biyu, haɗe da sandar da ta riƙe su, sun ɗan nutse a ƙasa saboda daɗewa. A kansu yaran shago ke lanƙwasa rodi in za su haɗa ƙofa ko taga. Gefen da guduma ke sauka ya yi sulɓi yana sheƙi, sauran jikin kuwa tsatsa ta gama rina shi. 'Yan gwangwan sun sha tayawa, mai shagon ya ƙi sallamawa, don a hannun maigidansa ya gaje shi, shi kuma maigidan har ya koma ga Allah bai faɗi inda ya samo shi ba.

"Malam, duk wanda ya gani sai ya ce na jirgi ne," in ji mai shagon. "To, wane jirgin? Ungo tef, auna da kanka."

Daga leɓen wannan ƙafa zuwa leɓen waccan, inci 30 ne, ba ɗan kaɗan. Ya ce in riƙe tef ɗin in je layin dogo in gwada. Layin da ya taso daga Kaduna ta wajen Tudun Jukun yake ratsawa kafin ya haye Kubanni ya shiga tasha, don haka tafiyar ba ta da nisa. Tsakanin dogo da dogo inci 42 ne, wato ƙafa 3 da inci 6. Ƙafa guda cur ta raba su. Wannan tarago, ko ma wane iri ne, bai taɓa hawa layin da muka buɗi ido muka gani a Zariya ba.

Mai shagon yana ganin ƙila ƙafafun 'yar kurar nan ce da leburorin gyaran hanya ke turawa da kayan aikinsu. Amma ita ma kurar a kan wannan dogon take gudu, dole faɗinta ya zo ɗaya da nasa. Wani yaron shago ya ce ko na sabon layin da 'yan Sin ke shimfiɗawa ne. Shi kuwa sabon layi ma ya fi tsohon faɗi, inci 56 da rabi ne, ga shi kuma tsatsar da ke jikin ƙarfen ba ta shekara goma ko ashirin ba ce. Abin da ya rage shi ne a yarda cewa an taɓa yin wani layi na daban a garin nan, siriri, wanda ya ɓace har yawancin mutanen gari ba su san an yi shi ba.

Wanda ya kwance wannan ƙulli wani dattijo ne ɗan fansho, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a aikin reluwe, mahaifinsa kuma ɗan dako ne a tashar Zariya tun zamanin Turawa. Na same shi a zaure bayan la'asar. Ban kai ƙarshen bayani ba ya tari numfashina.

"Inci 30 ka ce? Ai ƙaramin jirgi ke nan, ɗana. Jirgin Jos."

"Baba, jirgin Jos ba ta Kafanchan yake bi ba?"

"Wannan daga baya ya zo. Kafin shi akwai wanda ke tashi daga nan Zariya, ya bi ta Soba, Dutsen Wai, Kudaru, Rahama, Jengre, sannan ya hau dutse. Ina yaro na gan shi da idona. In ya fito tasha har tsere muke yi da shi."

Tarihi ya gaskata Baba. Kuza ce ta haifi wannan layi. Wajen 1909 zuwa 1910 kamfanonin Turawa suka yi ca a kan duwatsun Jos suna haƙa, amma fitar da kuzar ya zame musu aiki, domin a kan mutane da jakuna ake ɗaukarta har Loko a bakin Binuwai, tafiyar kwana da kwanaki. A daidai lokacin ana shimfiɗa dogo daga Baro a bakin Kwara zuwa Kano, aikin da Gwamna Percy Girouard, wani injiniyan jirgin ƙasa ɗan Kanada, ya tsaya a kai. Dogon ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, kuma a 1912 aka haɗe shi da na Ikko a Minna. Talakawan Zazzau ne suka haƙa wannan yanki da hannunsu, ta hanyar hakimai da dagatai ake tattaro su, ba don suna so ba. Aikin diga ya girgiza ƙasar har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya tsara Waƙar Diga a kansa.

Da babban layi ya iso Zariya, sai masu kuza suka matsa a ja musu reshe. Gwamnati ba ta son kashe kuɗi da yawa, sai ta zaɓi siririn layi mai faɗin ƙafa 2 da inci 6. Irin wannan layi ƙarfensa bai da nauyi, gadojinsa ba su da tsada, yana kuma iya shan kwana mai tsanani a jikin dutse inda babba ba zai iya ba. Ya isa Rahama a 1912, ya isa Jos da Bukuru a 1914, tsawonsa mil 143. Sunansa a takarda Bauchi Light Railway, amma bai taɓa shiga garin Bauchi ba. Jos ce a lokacin take ƙarƙashin Lardin Bauchi. An rufe shi ranar 30 ga Satumba, 1957, aka kwashe ƙarafunansa. Wanda ya je gidan tarihi na Jos zai ga abin da aka adana na kawunan jirgin da taragansa. Layin da ya taɓa shigowa tashar Zariya da wannan faɗi shi kaɗai ne.

An gano asalin ƙarfen mai walda ke nan. Amma shekarar da aka rufe layin ta buɗe wata tambaya da ta fi ta farko nauyi.

Ka zauna a kowace majalisa a Tudun Wada ka tambaya wa ya kashe jirgin kaya a ƙasar nan, amsa a bakin kowa take. Wasu su ce masu tirela ne suka haɗa baki da manya. Wasu su ce man fetur ne ya sa aka yi watsi da komai. Wasu su ce ɓarayin ƙarfe, wasu su ce sakaci da cin amana. To a ɗauki waɗannan zarge-zarge a gwada su a kan 1957. A shekarar, Nijeriya ba ta fitar da ko ganga guda ta mai zuwa waje ba. A 1956 aka samo shi a Oloibiri, sai 1958 aka fara lodi. Manyan tireloli ba su cika hanya ba. Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya shekararta biyu da kafuwa, tana tashen ƙarfi, har a 1958 Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 28 don a ja dogo zuwa Maiduguri. Kuza kuma ana kan haƙarta. Wato an rufe layin nan a lokacin da jirgin ƙasa ke ganiyarsa, kayan da aka gina layin dominsu kuma suna nan ba su ƙare ba. Babu ɗaya daga cikin waɗanda ake tuhuma da yake wurin a ranar. To wa ya aikata?

Na koma wurin Baba da wata tambaya ta daban. Na ce ya gaya mini ainihin aikin da mahaifinsa ke yi a tasha.

Ya gyara zama. Ya ce a cikin filin tasha akwai inda siririn layi da babba ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. A nan ake jera ƙaramin tarago kusa da babba, 'yan dako su shiga tsakani. Buhun kuza ɗan ƙarami ne, wanda bai sani ba sai ya raina shi, amma ƙato sai ya yi nishi kafin ya ɗaga. A sauke daga ƙarami, a ɗora a babba. Kayan da za su hau dutse kuma, gishiri ne, kananzir ne, siminti ne, hatsi ne, ƙarafunan injin haƙa ne, a sauke daga babba a ɗora a ƙarami. Abin da ya cika babban tarago guda sai an rarraba shi a ƙanana. Akawu na tsaye da littafi, ya ƙirga a wajen saukewa, ya sake ƙirgawa a wajen ɗorawa. Buhu ya yage, a ɗinke. Garwa ta fashe, a rubuta. In ƙananan taragai ba su iso ba, babba ya kwana yana jira, in damina ce a bi kaya da tamfol.

"Ka ga duk buhun da ya bi ta garin nan, sai an taɓa shi sau biyu," in ji Baba. "Mu abincinmu ke nan. Mai kaya kuwa, asararsa ke nan."

A wannan magana amsar take, sai dai kafin a wuce ya kamata a tsaya kan rabinta na farko. Tudun Wada unguwar baƙi ce daga tushe. Birni na Zage-zagi ne, Sabon Gari aka ware wa ma'aikatan da suka biyo dogo daga Kudu, Tudun Wada kuma ta tara 'yan Arewa da suka zo neman abin kai: leburori, 'yan dako, masu sayar da abinci, almajirai da malamansu. Da yawa daga cikin tsofaffin gidajen unguwar da kuɗin ɗaukar buhu aka kafa tubalinsu. Duk wanda zai yi maganar rage wahalar lodi a Zariya ya san cewa wahalar nan ta ciyar da gidaje, kada ya yi maganar da gatsali.

Amma mai kaya lissafinsa daban, kuma a 1927 ya sami mafita. An gano kwal a Udi a 1909, aka ja dogo daga Fatakwal zuwa Inugu a 1916, aka ci gaba da turo shi arewa ta Makurdi har ya iso Kafanchan. Daga Kafanchan aka ja reshe ya hau Jos a 1927, mai faɗin inci 42, daidai da sauran layukan ƙasa. Ɗan guntun da ke tsakanin Jos da Bukuru ma aka faɗaɗa shi. Daga ranar, taragon da aka cika da kuza a Bukuru sai a rufe shi, ba mai sake buɗewa sai a bakin teku. Hanyar ta fi kusa, ga kwal na hawowa kai tsaye daga Inugu. Kuza ta juya wa Zariya baya. Ƙaramin jirgi ya ci gaba da jan ƙafa shekara 30 da abin da ya saura: fasinjojin ƙauyuka, 'yan cin rani masu zuwa haƙar kuza, hatsi, auduga. Abin da yake samu bai isa ya riƙe shi ba, kuma ba wanda ya ga dalilin kashe kuɗi a faɗaɗa shi. A 1927 aka yanke masa hukunci, 1957 zartarwa kawai aka yi.

Ashe jirgi ne ya kashe jirgi. Sabon layi mai faɗi ya zo ta wata hanya, ya ɗauke wa mai kaya sauke-ɗora, kaya suka bi shi. Mai kaya ba ruwansa da ƙarfe ko kwalta. Hanyar da za a fi ƙarancin taɓa buhunsa ita yake bi.

Da wannan mabuɗi a hannu, sai mutuwar jigilar kaya a babban layin ma ta fara fitowa fili, ta wata fuska da ba ita ake faɗa a majalisa ba.

A zamanin da abin ke tafiya, Zariya mahaɗa ce. Bayan layin Ikko zuwa Kano da siririn layin Jos, an ja reshe ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, ya ratsa tsakiyar ƙasar auduga da gyaɗa. Kamfanin auduga na BCGA ya kafa injin gurza a Zariya tun isowar dogo, aka kuma gwada irin audugar Amurka da ake kira Allen a gonar gwaji ta Maigana har ya bazu a hannun manoma. Kamfanonin ciniki irin su John Holt da UAC da GBO da PZ, wanda har yau unguwa ke amsa sunansa, duk a gefen tasha aka yanka musu filaye. Baba ya ce abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne ƙananan rassan nan da ma'aikata ke kira saidin: guntayen layuka da ke ɓallewa daga babban layi su shiga bayan sito-sito da gidan gurza. Kan jirgi ya turo tarago fanko da safe har ƙofar sito, a mirgino dilolin auduga ko buhunan angurya a cika, da yamma ya zo ya ja. Mota a lokacin 'yar aiken jirgi ce. Ta kwaso daga kasuwannin auduga na ƙauye ta kawo gidan gurza, aikinta ya ƙare.

Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne akwai hannu ɗaya mai tara kaya. Hukumar cinikin amfanin gona ce ke sayen auduga da gyaɗa ta hannun wakilanta masu lasin, ita ke da kayan, ita ke neman taragai, kuma duk wuri ɗaya suka nufa, bakin teku. Manomi bai ji daɗin farashin hukumar ba, wannan gaskiya ne, an ci guminsa ƙwarai. Amma ga jirgi, ba abokin ciniki irinta. A 1964 hukumar jiragen ƙasa ta ɗauki kaya tan miliyan 2.96. Zuwa 1974 abin ya faɗo zuwa tan miliyan 1.1.

Tsakanin waɗannan shekaru da bayansu, abubuwa sun yi ta faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Rikicin 1966 ya kori ɗimbin ƙwararrun ma'aikata daga tashoshin Arewa, yaƙin basasa ya rufe layin gabas. Fari ya zo a farkon shekarun 1970, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, dalar gyaɗa ta ɓace. Auduga ta daina zuwa Ingila, ta koma masaƙun Kaduna, tafiyar kilomita 80, tazarar da mota za ta je ta dawo kafin a gama haɗa tarago. Aka shimfiɗa bututun mai, aka buɗe matatar Kaduna a 1980, jirgi ya rasa wani babban kaso na dakon mai. A 1986 aka rushe hukumomin ciniki, har da ta auduga mai hedikwata a Funtuwa. Masaƙun ma daga baya suka bi sahu: KTL ta tsaya a 2002, UNTL a 2007.

Bayan 1986 kaya ba su ƙare a ƙasar Zazzau ba. Masara ma ƙaruwa ta yi. Abin da ya ɓace shi ne mai tarawa. Kaya suka warwatsu a hannun dubban 'yan kasuwa, kowa da lodin tirela ɗaya ko biyu, kowa da inda zai kai. Ka ɗauki ɗan kasuwar da ya sayi masara a Giwa zai kai wa masu abincin kaji a Ibadan. In jirgi zai bi, sai ya ɗora a mota, ya sauke a tashar Zariya, ya ɗora a tarago, ya jira a sami sauran taragan da za a haɗa, a sauke a Ibadan, a sake ɗorawa a mota zuwa kamfani. In tirela ce, a ɗora a Giwa, a sauke a ƙofar kamfani. Ciwon da ya kashe ƙaramin jirgi shi ne ya kama babban, sai dai wannan karon a bakin hanya biyu, mafari da maƙura. Masu tirela ba su buƙaci haɗa baki da kowa ba.

Wannan bai wanke masu sakaci ba. An bar kawunan jirgi sun lalace babu kayan gyara, an bar mai kaya yana jiran tarago mako da makonni, kuma ɗan farfaɗowar da aka gani lokacin da Indiyawan kamfanin RITES suka riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982 ta nuna cewa riƙo na gari yana da tasiri. Satar dogo ma gaskiya ce, ana kama motoci maƙare da shi. Amma galibi ɓarawo layin da jirgi ya daina bi yake kwancewa. Hujja mafi ƙarfi ita ce abin da ya faru bayan Disambar 2012, lokacin da aka gama gyaran layin Legas zuwa Kano jirgi ya dawo. Mutane sun yi murna, fasinja sun hau. Kayan Zariya kuwa ba su koma kan dogo yadda suke a da ba, domin an gyara gangar jiki an bar rassa. Masana'antu da rumbunan da aka gina daga baya, a Dakace kan hanyar Jos, da gefen titin Kaduna da na Kano, duk kwalta suke fuskanta. Ba wanda ya gina sito yana tunanin tarago zai zo ƙofarsa.

Su kuma tsofaffin rassan, ƙasar da suke kwance a kai ta zama zinariya, don a tsakiyar gari take. Hukumar jiragen ƙasa na da kamfaninta mai kula da kadarori, mai hedikwata a Kaduna, wanda ke ba da hayar filaye, ga kuma masu shiga ba da izini ba. Duk wanda ya bi gefen layi a garuruwanmu ya ga yadda shaguna da gareji da wuraren buga bulo ke matsowa, ga juji a inda ba a gina ba. Saidin siririn fili ne, faɗinsa bai wuce 'yan taku ba. Shago ɗaya aka dasa a tsakiyarsa, duk abin da ke bayan shagon ya yanke daga dogo. Aikin sabunta birane da gwamnatin Kaduna ta fara a 2019 ya kawo wa Zariya tituna, amma a lokacin dogo ba hurumin jiha ba ne, na Tarayya ne ita kaɗai. Gari ya yi ta sake fasali, layin da ya haifi rabin garin yana gefe ba a sa shi a lissafi ba.

Yanzu ga inda labarin inci 30 ya daina zama tarihi. A Yulin 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layi daga Kaduna zuwa Kano, kilomita 203, mai faɗin inci 56 da rabi, zai kuma bi ta Zariya. Ba tsohuwar hanyar cikin gari ya biyo ba, sabon fili aka share masa, kamar yadda na Abuja ya tsaya a Rigasa maimakon tsohuwar tashar Kaduna. Ta arewa zai haɗu da na Kano zuwa Maraɗi. Ta kudu kuwa a Abuja ya tsaya. Wanda ya taso daga Legas a Ibadan ya tsaya tun 2021, kuma tsakanin Ibadan da Abuja ba a shimfiɗa ba. Ma'ana, ko gobe aka buɗe sabuwar tashar Zariya, dogo ɗaya tak da ya haɗa garin da tashar ruwa ta Apapa shi ne tsohon nan mai inci 42, wanda aka sake ƙaddamar da dakon kwantena a kansa a 2024, ambaliyar Mokwa ta Mayun 2025 kuma ta nuna irin rauninsa. Tashar tsandauri ta Kakuri a Kaduna, wadda aka buɗe a 2018, tsohon layi ne ke shiga cikinta. Funtuwa, inda aka buɗe tata tashar tsandaurin a 2024, dogon da ya ratsa ta reshen Ƙauran Namoda ne, shi ma tsohon faɗi.

Zariya za ta sake zama gari mai layi biyu da ba sa hawa juna, kamar yadda take daga 1912 zuwa 1957. Bambancin shi ne wannan karon mai inci 42 ne ƙarami. Da na zayyana wa Baba haka, shiru ya yi, can ya ce, "Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah." Yadda abin zai kasance ba ɓoyayye ba ne, tunda an taɓa yi. Fasinja za su koma sabo, kuma suna da gaskiya, don ya fi sauri. Kuɗin gyara za su bi fasinja. Tsohon layi zai ja ƙafa da abin da ya saura, wata rana a ce ba ya biyan kansa, a kwashe ƙarfe, a yanka filin tasha a yi rukunin shaguna. Reshen Funtuwa da Gusau zai zama layin da ba ya haɗuwa da komai.

Ina son sabon layin, ina kuma fatan ganin ranar da za a buɗe shi. Abin da nake tsoro shi ne a gina wa Zariya wurin hawa da sauka kawai, kaya su ci gaba da tafiya a kan tirela suna farfasa titi suna cin rayuka. Kuma maganin ba sabon abu ba ne a duniya. Kwantena ta rage yawancin wahalar da mahaifin Baba ya sha: in akwai fili guda inda layukan biyu suka jeru, da ƙugiya mai ɗagawa, akwati ne za a ɗauke daga wannan tarago a aza a wancan cikin 'yan mintoci, ba a taɓa buhu ko ɗaya ba. A Ostireliya akwai wuraren da aka sa dogo na uku a kan hanya guda, jirage masu faɗin nan biyu iri ɗaya da namu suna bi. Indiya tun 1992 take faɗaɗa tsofaffin layukanta ɗaya bayan ɗaya maimakon ta yar da su. A Amurka, bayan dokar 1980 da ta sassauta harkar, rassan da manyan kamfanoni suka gaji da su ƙananan kamfanoni ne suka karɓa, yau sun kai wajen 600, aikinsu kawai su kwaso taragai daga ƙofar masana'anta su miƙa wa babban layi.

Kayan da za a ɗauka suna nan: masara da waken soya daga Soba da Giwa da Saminaka da Funtuwa zuwa Kudu, takin zamani da siminti a dawowa, tirela guda buhu 600, jirgi guda kuwa ya shanye lodin tireloli da dama. Abin da babu shi ne mai tarawa, kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwar hatsi da masu rumbuna za su iya zama shi in an ba su fili mai saidin da jadawalin da ba ya saɓawa. Masana ma ba sai an ɗauko daga nesa ba. Hedikwatar shiyyar Arewa ta hukumar jiragen ƙasa a Zariya take, makarantar koyon gyaran dogo a Zariya take, Cibiyar Fasahar Sufuri ta NITT da aka kafa a 1986 tana kan hanyar Basawa, ga Jami'ar Ahmadu Bello. Tun Maris na 2023 kuma, gyaran tsarin mulki ya ba jihohi ikon shiga harkar jirgin ƙasa, don haka gwamnatin Kaduna ba ta da sauran uzurin cewa ba huruminta ba ne.

Duk waɗannan suna iya jira shekara biyar ko goma, in ban da fili. Shi ne ake rasawa kullum, taku bayan taku, kuma rusa shagon da mutum ya zuba jarinsa a ciki ba abu ne da za a so a kai gare shi ba. 'Yan majalisar da ke wakiltar Zariya da Sabon Gari, da masarautar Zazzau, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, su nemi a fito da taswirar filin reluwe na Zariya, wadda ta nuna kowane saidin da inda ya nufa. A manna ta a sakatariyar ƙananan hukumomin biyu kowa ya gani, a ja jan layi a kan rassan da har yanzu ba a toshe ba, a kuma dakatar da ba da hayarsu har sai an faɗa wa mutanen gari a ina tsohon layi da sabo za su haɗu.